Akwati Na Goma Sha Huɗu

Shekara talatin ina raba wasiƙu a wannan yanki na Texas,
hancina ya riga ƙafata sanin kowace kwana.
Inda hayaƙi ya tashi fari fat, in wuce, iccen ɗanye ne.
Inda ya tashi siriri, shuɗi-shuɗi kamar jijiyar hannun tsohuwa,
nan nake ajiye mota.

Wurin Odessa Tubbs ba faranti, ba cokali.
Jar takarda, wuƙa, burodi yanka biyu, albasa.
Ta aza ƙirjin bijimi a sikeli, ba ta duban allura, ni take duba:
“Wajen kitse ko wajen tsoka?”
Sai ka ce ba ta san amsar ba tun ina da gashi a ka.
Wurin Cleofas kuwa, gefen layin dogo,
haƙarƙari ne, kuma sai ka zo kafin sha ɗaya.
In ka makara ka tarar da allo a ƙofa: ya ƙare.
Ka koma gida kana haɗiyar yawu.

Da na ajiye jakar wasiƙu, aka ce in zo alƙalanci.
Aka ba ni fensir da kati da ruwa a kofi,
aka ce: ido, laushi, harshe. Daga ɗaya zuwa tara.
Ba suna a kan akwati, lamba kawai.
Kada ka yi murmushi, kada ka yamutsa fuska,
na kusa da kai yana karanta goshinka.

Na iya aikin. In ɗora yanka a kan yatsa,
in ya rusuna bai karye ba, ya yi ladabi.
Baƙin ɓawo, ƙarƙashinsa jan zobe.
Zoben nan ado ne, ba ya cika baki,
amma yaran yanzu sun mutu a kansa.
Wanda aka yi wa gaggawa, haƙori ke kai ƙararsa.
Wanda aka lulluɓe da romo mai zaƙi,
akwai laifin da ake rufewa.

Wata Asabar, rumfa kamar cikin tanderu,
akwati na goma sha huɗu.
Na buɗe.
Masoro ya yi yawa. Dakawa aka yi, ba niƙa ba, tsaki-tsaki,
kuma na san turmin: na ƙarfe, mai tsaga a baki,
wanda Baba ya bari,
wanda muka yi rigima a kansa, shi da gona da tsohuwar tarakta,
ni da Emil. Shekara goma sha ɗaya ke nan
ko gaisuwa a ƙofar coci babu.

Na tauna. Sanyin asuba ya dawo mini,
mu biyu a kan kifaffun bokitai muna gadin wuta,
Baba na cewa wuta ba a yi mata tsawa, lallashi take so,
Emil na gyangyaɗi a kafaɗata, sumarsa duk warin hayaƙi.

Amma gefen yankan ya bushe.
Ya daɗe a wuta fiye da kima.
Barci ne ya sace shi, kamar da,
yanzu ba mai zungurarsa da gwiwar hannu.

Fensir ya yi nauyi.
Tara ƙarya ce. Biyar ramuwa ce.
Matar da ke kusa da ni har ta goge yatsu.
Na rubuta bakwai.
Na kurɓi ruwa, aka kawo na sha biyar,
har yau ban san abin da na ci ba.

Da yamma, ana naɗe rumfuna,
na bi ta bayan motoci, hancina na gaba kamar kullum.
Ga shi tsugune yana kwashe toka, ƙeyarsa ta yi furfura.
Bai ɗago ba. Ya ce, “Ya bushe, ko?”
Na ce, “A gefe kawai.”
Ya turo mini bokiti da ƙafa.
Na kife shi, na zauna.
Da sauran garwashi a ƙarƙashin tokar.