Taya Mai Laushi

Jar motar Kawu Barau, mai ƙofa biyu,
ta girme ni da shekara tara.
Na kai ta rumfar Hamajoda, bayan tashar Garwa.

Ya mirgino taya biyu.
"Danna farcenka a wannan.
A kwana tana kama kwalta
kamar ƙarangiya a wando,
amma damina ɗaya, ta yi sanƙo.
Waccan kuwa taurin kai:
ramukan hanyar Pitowa ba sa firgita ta,
sai dai Lahadi, a filin tsere,
ihu za ta yi, tana zamewa."

Na ƙirga sefa. Na sake ƙirgawa.
Kawu bai taɓa jin tsoron kwana ba.

"Ɗaura mai laushin," na ce.
"Sauran kwana shidan
na tafi aiki a ƙafa."