Tafinta

Dubu ashirin suka biya ni a wuni,
da shinkafa a 'yar roba, da ruwan gora,
in tsaya tsakanin baki biyu
a wani ɗakin taro a Bompai
inda sanyin na'ura ke cizon yatsun ƙafa.

Baƙuwar ta ce hukumarsu hannu biyu gare ta:
ɗaya na tallafa wa ƙasashe masu tasowa,
ɗaya na nema wa masana'antun gida kasuwa.
Ta haɗa tafukan, ta yi murmushi.
Na juya ga matan Kurna na ce:
"Ta ce da alheri suka zo."

Ban yi ƙarya ba.
Rage wa zancen tsawo na yi,
kamar telan da yadi bai ishe shi ba.

Injin matsar gyaɗa goma sha biyu.
Hajiya Tasalla, wadda ta shekara talatin
tana matsar tunkuza har kafaɗa ta goce,
ta ja ni gefe: "Ɗan nan, kyauta ne ko bashi?"
Na duba shafi na tara.
Kuɗin nasu, injin nasu,
jirgin da zai ɗauko shi nasu,
bel da noti da man shafawa
sai daga kamfanin da aka rubuta sunansa,
har shekara bakwai.

Na laluba Hausata kaf.
Kyauta ta yi wa abin yawa,
bashi ya matse shi a hammata,
ciniki kuwa, ai ba wanda ya taya.
Na ce: "Hajiya, akuya aka ba ku,
amma dusar a gidansu za ku riƙa saye."
Ta ce: "Tana da nono?"
Na ce tana da shi.
Ta dangwala yatsa.

Can kujerar baya Sabitu ne,
mai walda daga Ƙofar Ruwa, ido jajir,
ya zo da hoton nasa injin a waya,
wanda ya haɗa da giyar tsohuwar tifa.
"Rabin kuɗin nasu," in ji shi, "kuma ga ni kusa."
Na fassara duka, ban rage ko wasali ba.
Baƙuwar ta daɗe tana kallon hoton.
Ta ce ya burge ta, kuma na yarda da ita.
Ta ce sai dai ƙa'ida.
Wannan kalmar ba ta ba ni wuya ba,
mu ma muna da ita.

Bayan babbar salla injinan suka iso.
Tsakani da Allah, suna aiki.
Mai na zuba garau, jarka na bin jarka,
Hajiya ta sake kwanon ɗakinta,
ta daina kwana da man zafi.

A wata na takwas
wani ɗan haƙori ya karye a cikin na uku,
bai kai ƙwayar dabino ba.
Ni na rubuta wasiƙar.
Amsa ta zo da ladabi: sati goma sha ɗaya,
da farashi a kuɗin da ba a kashewa a Kurmi.
Gyaɗa kuwa ba ta san sati ba.

Ranar Laraba bayan isha'i
Sabitu ya zo da magagari da tocila a baki.
Bai ce komai ba game da Bompai.
Daga sifirin wata matacciyar mota
ya fitar da haƙori, ya goga, ya gwada, ya goga.
Shafi na sha ɗaya ya ce
duk hannun da ya taɓa cikin injin
ya warware alkawari.
Ban karanta musu shi ba, ba wanda ya tambaya.

Da suka dawo ɗaukar hoto don rahoton shekara,
aka jera mata, aka goge injin da tsumma.
Baƙuwar ta ce in tambayi Hajiya yaya aiki.
Hajiya ta gyara mayafi, ta dube ta ido cikin ido:
"Gaya mata akuyar ta koyi cin dusar gida."

Na juya.
Biro na jira a kan takarda.
Na ce: "Ta ce sun gode."