Ma'aunin Farfesa Feldhorn

Shekara ashirin da bakwai ina wanke masa kwalabe,
shi ya sa ni aka miƙa wa makulli
ranar da aka ce a kwashe ofishinsa.

Ozias Feldhorn ya sauka Dundee da akwati ɗaya,
rabi takardu,
rabi wani ƙaramin ma'auni na tagulla
naɗe cikin rigar sanyin mahaifinsa.
Digirin da ya ɗauko daga Lwów bai yi masa rana ba.
Aka ce ya koma aji.
Ya koma, da furfurarsa, tsakanin samari,
yana amsa tambayoyin da shi ke yi wa ɗalibai a da.

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan raɓa ta kwana, ta wuni,
ta shekara arba'in
har gari ya koma ɗiban ruwa a wurinta.

Zuciya ce sana'arsa.
Ta kwaɗo, a cikin ruwan gishiri,
tana bugawa ita kaɗai, ba jiki, ba gida.
Yakan ɗiga mata ruwan wani ganye
ya tsaya da agogo a hannu, numfashi a riƙe.
"Ɗigo ɗaya magani," in ji shi,
"uku kuwa likkafani.
Tsakaninsu nake neman abincina."
Ɗalibai suna kwaikwayon harshensa a bayan ƙofa,
amma ba wanda ya taɓa mance wannan lissafi.

Sau biyu kujerar farfesa ta tsallake shi.
Na ukun da ta zo, sai ya aike ni sayo burodi
muka ci a tsaye, da shayi mai sanyi.

Ran Juma'a kafin faɗuwar rana yake rufe ɗaki.
Na ce, ashe kai mai ibada ne?
Ya ce, "Ni da Ubangiji shari'a muke yi,
ba na dai fashin zuwa kotu."

A aljihun tebur na ƙasa,
bayan tarin mujallun da ke ɗauke da sunansa,
na tarar da wasiƙu goma sha ɗaya
zuwa ga Perla, ƙanwarsa.
Duk sun je sun dawo, bakinsu a liƙe.
A kusurwar kowace, da fensir, da rubutunsa siriri,
ya sa nauyinta:
giram huɗu, giram huɗu da rabi, giram shida.

Ban buɗe ba.
Na ɗora su kan tagullar nan gaba ɗaya,
allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya
daidai inda lissafinsa ya ce.
Bai taɓa kuskuren awo ba, mutumin nan.

A waje kogin Tay yana ta wucewa.
Na ɗauraye kofinsa, ko da yake ba mai sha,
na kife shi inda ya saba.