Ranar da Gona Ta Yi Shiru

Sahabi, sauke tankin nan daga bayanka.
Hantsi ne yanzu, fure a buɗe yake.
Kasa kunne tukuna.
Ka ji gunjin nan a cikin rassa?
Ma'aikata ne, sun riga mu sammako,
kuma ko sidi ɗaya ba su taɓa karɓa
a hannun Maame Serwaa ba.

Ni ma da tashen ƙuruciya na zo gonar nan,
daga Aboabo, a bayan motar kwasar lemu,
da singileti da silifa,
ina yi wa masu ɗaure hanci dariya.
Na ce hayaƙin Kejetia bai kashe ni ba,
balle ruwan kwalba.
Da yatsa nake dama magani,
in bakin feshi ya toshe, in kafa baki in busa.

Shekarar da ƙwari suka addabi gona
na ninka awo, murfi biyu a madadin ɗaya.
Rana tsaka, itatuwa fari fat da fure,
iska na kaɗawa gabas,
can gindin rimi
inda Baba Dogara ya jera amya goma sha ɗaya.

Washegari gona ta yi tsit.
Sai ranar na san shiru na da nauyi.

Tsohon bai zage ni ba.
Tsintsiya ya ɗauka, ya tara su a faifai,
ya ajiye a gabana,
ya ce, "Ƙirga."
Ni kuwa faifai biyu nake gani,
miyau na dalala, ciki na murɗa,
ban farka ba sai a gadon asibiti,
ledar ruwa na reto a saman kaina.

Da lokacin tsinka ya zo
kwando arba'in muka samu
a inda muka saba cika ɗari.

To ka ji dalilin da nake jiran rana ta yi sanyi,
iska ta kwanta, masu zuma su koma gida.
In fure na kai, ko mai gona ta yi faɗa,
sai ya zube.

Takunkumi da zafi, na sani,
safar roba na jiƙa tafi,
takalmin nan kamar an ɗaura maka turmi.
Sa su haka nan.
Gumi wanka ke fidda shi,
wancan kuwa a jini yake kwana.

Takardar jikin kwalba ba ado ba ce.
In Turancinta ya fi ƙarfinka
kai wa malamin gona a Ejisu,
mai tambaya ba ya ɓata.
In ta ƙare, ɗauraye ta sau uku, huda gindinta,
kar ka tarar da ita gobe a gida
an zuba manja.
Kayan aikinka da zanen goyon Ladidi
kar su taɓa haɗa bokiti.

Ka ga zanen gawayin can a ƙofar rumbu?
Kwanakin jira ne kafin a tsinka.
Dillali zai zo da kuɗi a hannu,
ya ce kasuwa ta buɗe, yau ko gobe duk ɗaya.
Nuna masa ƙofar.
Yayata Tabawa na feƙe lemu a tashar Asawase,
ta yanke kai, 'yan makaranta su tsotsa
har su juya ɓawon.
Ɗaya a cikinsu, mai wushirya,
'yata ce.

Baba Dogara ya rasu bara da azumi.
Amyar na hannun jikansa, sun kai ashirin yanzu.
Shekaranjiya ya aiko min da kwalba guda,
ƙamshin furen lemu har cikin murfi.
Ga ta nan a jaka, ga burodi.
Wanke hannunka da sabulu,
ka zo mu zauna a inuwa.
Rana na da sauran tafiya.