Giya ta Biyar

Yara uku suka turo ta Suwame Magazin,
ba wanda ya yi gumi.
Ja ce, kujera biyu, ba rufi,
cikinta na shafar ƙasa kamar ƙadangare.
Baba Isifu na biye da sandarsa,
shi da ya ƙare ƙuruciya yana jan jirgin ƙasa zuwa Takoradi,
yau ga shi da motar da iska ke iya yi wa gardama.

Ya ce, “Sallau, giya huɗu ta yi mata kaɗan.
In na hau titin Ofinso
kuka take kamar akuyar da ta hango wuƙa.
Nemo mata ta biyar.”

Na shiga ƙarƙashinta da sufana goma sha uku,
baƙin mai ya ɗigo mini a gira.
Da na sauke giyabos na buɗe cikinsa,
haƙoran ta uku duk sun zube,
garin ƙarfe na ƙyalli a gindin tasa,
zinariyar da ba ta da mai saye.

Sai yawo.
Layi-layi na bi, inda aksul ke jingine da aksul,
injuna zube kamar kawunan shanu a mahauta.
Wani ya ce jibi kwantena za ta iso daga Tema.
Jibin nan ta haihu, har ta ga jikoki.
Wani ya wanke tsoho da fetur, ya fesa masa fenti,
ya rantse da kabarin kakarsa sabo ne fil.
Na murza da hannu, na ji ƙasusuwa na gunaguni,
na ce masa Allah ya jiƙan kaka.

Mame Dufiye ce ta fisshe ni.
Tana zaune kan tsohuwar taya tana cin doya da kontomire,
ko tashi ba ta yi ba.
Ta dubi kwalin da na zana ramukan noti,
ta yi nuni da haɓa: “Can, ƙarƙashin buhu.”
Na wata mota ne, dangi na nesa,
kaka ɗaya, gari daban.
Ta faɗi kuɗi, na kama ƙugu.
Na taya, ta ƙara loma.
Sai da Tonancina ya ƙare, Hausarta ta ƙare,
muka haɗu a sidin da ya ƙona mu mu biyu.

To, saye daban, zama daban.
Rami shida, huɗu suka yarda, biyu suka ƙi.
Furofela ta yi tsawo da yatsa uku.
Kwabina mai walda ya yanke, ya haɗa, ya juya ta,
muna zuba ido ko za ta yi rawa.
Faifan kuloci daga Asafo,
boris daga aljihun wani yaro a Aboabo.
Aka ɗauke wuta kwana biyu,
muna kallon aiki, aiki na kallonmu.

Ran Alhamis bayan la’asar
Baba Isifu ya jefa sanda bayan kujera.
Ɗaya. Biyu.
Uku ta shige shiru, hannu cikin aljihu.
Huɗu, muka wuce turoturo, fasinja na leƙe.
Sai ya dube ni,
ya tura liba inda da babu komai,
inda shekara talatin bango ne,
ƙofa ta buɗe.

Inji ya sauke murya.
Allura ta sauko, gudu bai ragu ba.
Na ji iska, na ji tsuntsu a gonar koko,
na ji tsoho na fito da leɓe irin usur na jirgi.
Sannan, can bayan kujerata,
wani ɗan ƙas-ƙas
wanda kukan da ya rufa wa asiri shekara da shekaru.

“Ka ji?” in ji shi.
Na ce na ji.
Na laluba aljihu, yatsana ya taɓa washa guda
wadda ban san daga ina ta fito ba.

Na ce, “Gobe.”
Ya ce, “Gobe.
Yau ƙyale ta ta sha iska.”