Minti Uku-Uku

Daren Laraba a garinmu na kudancin Chile,
ruwa na zuba, irin wanda ba ya ɗaukewa sai ya ga dama.
Ni ce mai rubuta bayanan zama,
kujerata na ƙarshen teburi, kusa da ƙofa,
inda laimomin jama'a ke ɗiga a kan katako.

Batu na bakwai: fadamar bayan makabarta.
Kamfani na neman izinin gidaje ɗari da arba'in,
da jerin shaguna, da filin ajiye motoci.
Wakilinsu, Baltasar Oyarzún, ya shimfiɗa taswira,
fara fat, itatuwanta duk kansu ɗaya,
yara na wasa a cikinta, ba mai taɓo a takalmi.
A taswira rana ba ta faɗuwa,
sama ma ba ta taɓa jin labarin hadari ba.

Shugaba ya murɗa agogo: minti uku-uku.

Tsohuwa Eduvigis Barría ta miƙe da sandarta.
Ba ta zo da takarda ba, gwiwarta ta kawo shaida.
"Nan," ta ce, ta dafa, "nan ruwa ya kawo mini
shekarar da aka cike gefen gabas.
Fadamar nan soso ce. In kun matse ta,
a ɗakin wa za ta tsiyaye?
Ruwa ba ya karanta izini.
Hanyarsa ya sani, kuma ba shi da mantuwa."
Agogo ya yi ƙara.
Ta zauna, ta ƙarasa sauran a cikinta.

Sai Maite Cárcamo, ko rigar asibiti ba ta cire ba.
"Ni ma ina son kwaɗi," ta ce. Aka yi dariya,
ban da ita.
"Albashina biyu nake raba shi, babban kason na mai haya ne.
Ɗana na barci a inda nake girki.
Kuna kare sheƙar tsuntsu, madalla.
Ni tawa sheƙar fa?"
Zaure ya yi tsit, har ina jin tafiyar alƙalamina.

Injiniyan gari ya tofa tasa a gajiye:
magudanar ƙarƙashin titin nan ta girme shi,
bakinta kuwa bai kai murfin tukunya ba.
Wata kansila ta cire tabarau, ta tambaya:
"Gidan ɗaya nawa ne?"
Oyarzún ya sha ruwa. Ya gyara takardu.
Ya faɗi adadin a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.
Na rubuta shi, sifili bayan sifili,
na ɗaga kai,
na ga Maite tana kallon tafin hannunta.

Huɗu da uku: an ɗage, kwana sittin.
A kawo binciken ruwa,
a faɗi gida nawa mai ƙaramin ƙarfi zai iya shiga,
a sake zana mashigar motoci.
Ba wanda ya tafa. Ba wanda ya ci, balle ya sha.
Layi biyar ya ɗauka a littafina,
ba gwiwa a ciki, ba yaro mai barci gefen murhu.

Na kashe fitilu, na miƙa wa mai gadi makulli.
A tashar bas na iske su biyun,
laima ɗaya, ba mai ce wa kowa uffan,
kafaɗar kowacce ta waje ta jiƙe sharkaf.

Hanyata ta bayan makabarta ce.
Ashe tuni an kafa turaku a fadama,
kowane da jan ƙyalle a wuya,
ruwa ya kai musu rabi.
Kwaɗi kuwa sun buɗe nasu zaman,
ba shugaba, ba agogo.
Na tsaya da littafi a hammata ina saurare,
don kukansu ma jawabi ne,
sai dai ban san a batu na nawa zan sa shi ba.