Alhaji Wayam

A Bolari, bayan shagona na gyaran agogo,
akwai kanta uku da ba na sayarwa ba.
Jama'ata ce ke zaune a kai:
sojan roba mai ƙafa ɗaya,
'yar tsanar da ɓera ya yi wa aski,
motar kara da na saya hannun wani yaro a Kumo
kan naira hamsin da gaɓa biyu ta rake,
sai biri mai ganga da makullinsa ya ɓace,
ya ɗaga gula tun bara,
har yau bai buga ba.

Ran wata Talata a tsohuwar kasuwa
Ɗan'azumi mai gwanjo ya zazzage buhu.
Can ƙasa na tsinci hula kamar murfin kwalba,
da tabarau, da takalma biyu
waɗanda ɓawon gyaɗa ya fi su girma.
Na ce, "Ina mai kayan?"
Ya ce, "Abin da ka gani ke nan."
Na ce, "Ga shi tsaye, kai ne ba ka gani."
Ya ce, "To, biya har da kuɗinsa."
Na biya.
Kafin in kai gida na raɗa masa suna:
Alhaji Wayam.

Zaren fatsa na roƙo wajen masuntan Dadin Kowa,
siriri, ko rana ba ta kama shi.
Na rataye hula a reshen zogale,
tabarau ƙasa da ita kaɗan,
takalma kan yashi, ɗaya gaba, ɗaya baya.
Na kwanta rub da ciki, waya a hannu,
kaji na leƙena da ido ɗaya.
Ƙyas!
Ga Alhaji zai tafi kasuwa.
Ƙyas!
Ga shi yana kurɓar shayi,
kofi a sama, babu hannu.
Ga shi ya ɗauko 'yar tsana a motar kara,
tana yi wa kujerar direba murmushi,
soja ya ƙame yana sara wa iska.

Goggo Addu, Allah ya jiƙanta, takan ce
layar zana sai da baƙin zakara,
sai da tafiyar dare da sharaɗi bakwai.
Ni tawa zare ce kawai,
da jiran iska ta kwanta.

Mai ɗakina ta ce, "Furfura har gemu,
kana birgima a ƙasa kamar jaki."
Kwana uku bayan nan
na tarar da 'yar babbar riga kan teburina,
ta sha sitaci har tana tsayuwa da kanta.
Ba ta ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Jiya jikata Dudu ta karɓi wayar,
tana ja da ɗan yatsa mai maiƙon ƙosai.
Hoto ɗari uku da ɗoriya.
Ta wuce Alhaji, ta faɗa bikin Inna Laraba,
ta wuce suna, ta wuce Sallah,
sai ta ɗago.
"Kaka, kowa na nan,
har wanda babu shi yana nan.
Kai kana ina?"

Na karɓa na duba.
Babban yatsa a gefen wani hoto.
Inuwa a kan katanga, sau ɗaya.
Shi ke nan ni.

Ta ce, "Tsaya kusa da Alhaji.
Kada ka motsa. Kada ka yi numfashi."
Ta riƙe wayar hannu bibbiyu,
ta cije harshe.
Ƙyas!

Ta yanke mini kai.
Riga ce kawai, da tabarau rataye a ƙirji,
da takalma biyu a kan yashi.
Ta dubi hoton, ta dubi zogale,
ta ce, "Kun yi kama."